Me ya sa kuɗin wani ɗalibi ke komawa kan sunan wani bayan an jera sunaye daga A zuwa Z?

Tambaya

Wani matashi mai rubuta manhaja a nan Kaduna ne ya turo wannan tambaya. Ya haɗa wa wata Islamiyya da ke Tudun Wada ƙaramar manhaja da harshen C# a kan Windows Forms. Sunayen ɗalibai suna fitowa a cikin CheckedListBox, wato jerin nan mai ɗan akwati a gefen kowane layi. Malamin da ke karɓar kuɗin wata yakan sa alama a akwatin duk wanda ya biya, sannan ya danna maɓallin adanawa. An daɗe ana aiki lafiya lau, sai shugaban makarantar ya ce a jera sunayen daga A zuwa Z don a huta da wahalar nema. Matashin ya mayar da Sorted, wato saitin da ke sa jerin ya jera kansa bisa haruffa, ya zama true. Tun daga lokacin ake tura wa iyayen da suka biya takardar bin bashi, waɗanda ba su biya ba kuma kwamfuta na cewa sun biya. Manhajar ba ta taɓa tsayawa ba, ba ta kuma taɓa nuna saƙon kuskure ba. Ga yadda yake cika jerin, da yadda yake adanawa:

```
foreach (var d in dalibai)
    jeri.Items.Add(d.Suna);

foreach (int i in jeri.CheckedIndices)
    RubutaBiya(dalibai[i].Lamba);
```

Yana son ya sani: CheckedListBox ɗin ne ke da lahani, ko ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga, kuma ina mafita?

Amsa

Ƙanina, sannu da ƙoƙari. Ba ƙwayar cuta ba ce, CheckedListBox ɗin ma bai yi komai ba sai abin da ka umarce shi. Matsalar tana wurin da ka rubuta dalibai[i].

Jeri biyu gare ka, ba ɗaya ba. Akwai dalibai, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar manhaja, ya zo daga rumbun bayanai bisa tsarin da aka yi wa yaran rajista. Akwai kuma wanda malam ke gani a allo. Kafin ka kunna Sorted tare suke tafiya, layin farko a nan shi ne layin farko a can. Shi ya sa lambar layi ta yi ta yi maka aiki kamar lambar shaidar ɗalibi, alhali dacewa ce kawai. Da ka kunna Sorted sai na allon ya sake tsari, na cikin ƙwaƙwalwa kuwa yana nan yadda yake.

Mu gwada da yara huɗu. An yi musu rajista a haka: Zainab mai lamba 101, Aminu 102, Maryam 103, Bashir 104. Ka san ƙirga a C# daga sifili take farawa, saboda haka Zainab ce a gurbi na 0, Aminu na 1, Maryam na 2, Bashir na 3. A allo kuwa, bayan jerawa, Aminu ne na 0, Bashir na 1, Maryam na 2, Zainab na 3. Mahaifin Aminu ya kawo kuɗi, malam ya sa wa Aminu alama. CheckedIndices, mai ba da guraben layukan da aka sa wa alama a allo, ya ce gurbi na 0. Kai kuma ka tafi dalibai[0], ka tarar da Zainab, ka rubuta cewa mai lamba 101 ta biya. Haka kuɗin Bashir zai koma kan Aminu, na Zainab ya koma kan Bashir. Kamar ka aiki yaro ne ka ce ya kai wa na uku a sahu saƙo, kafin ya isa an sake daidaita sahun. Na ukun zai ba, bai saɓa maka ba, amma ba wanda kake nufi ba ne.

Yanzu dubi Maryam da kyau. Gurbinta 2 ne a can, 2 ne a nan. Duk lokacin da aka sa mata alama daidai ake rubutawa. A kowane jeri ana iya samun irinta, kuma su ne ke yaudarar mai gwaji: ya sa wa mutum ɗaya alama, ya duba rumbun, ya ga daidai, ya tashi. Ranar da duk ajin suka biya ma ba za a ga komai ba, tun da kowa ya samu. Abin da ya fi ɓoye ɓarnar shi ne lissafi yana cika. Yara 20 suka biya, layi 20 aka rubuta, kuɗin da ke cikin aljihun tebur ya yi daidai da na kwamfuta. Ma'aji ba shi da dalilin zargin komai. Sai uba ya zo da rasit a hannu ransa a ɓace sannan asiri ya tonu. Manhajar da ta tsaya cak ta fi irin wannan sauƙi nesa ba kusa ba, domin ita nan take ake ganewa.

Kafin in ba ka gyaran, bari in tare ka daga gyare-gyare guda biyu da hannu ke saurin kaiwa gare su, don sun fi ciwon muni.

Na farko, za ka lura cewa Items.Add yana dawo da lambar gurbin da ya saka abin, sai ka ce ai shi ke nan, bari in ajiye lambar ɗalibi a wannan gurbin cikin wani jerin nawa. Bi shi ka gani. Zainab ta shiga, jerin babu kowa, gurbinta 0, ka ajiye 101 a gurbi na 0. Aminu ya shiga, ya sha gabanta a haruffa, shi ma aka ce maka 0, ka ɗora 102 a kan 101. Lambar Zainab ta ɓace ke nan gaba ɗaya, ita kuma ta matsa zuwa gurbi na 1 ba tare da ka sani ba. Lambar da Add ya dawo da ita gaskiya ce a wannan daƙiƙar kaɗai. Tana da amfani idan a layi na gaba ka miƙa ta ga SetItemChecked, domin daga nan jerin ne da kansa zai riƙe alamar tare da layinta duk inda ya matsa. Idan ka ajiye ta don gaba, ta riga ta tsufa.

Na biyun yana faruwa ne wajen buɗe fom. Kana son waɗanda suka riga suka biya su fito da alamarsu, sai ka saka suna, ka sa alama a gurbin Items.Count - 1, kana ɗauka sabon shiga ne na ƙarshe. A jerin da ke jera kansa, na ƙarshe shi ne wanda harafinsa ya fi nisa. A misalinmu Zainab ce za ta yi ta karɓar alamar kowa, a sa mata a cire mata, har ta tsaya da halin wanda aka saka a ƙarshe. Sauran duk su fito babu alama. Idan kuma maɓallin adanawa yana ɗaukar rashin alama a matsayin rashin biya, to buɗe fom da danna maɓallin kawai sun isa su goge bayanan da a da suke daidai.

Wannan tarko ya girmi C#. Akwatin jeri na Windows kansa, idan an ba shi salon LBS_SORT, saƙon LB_ADDSTRING yakan saka rubutu a inda haruffa suka kai shi, ya dawo da gurbin. Saƙon LB_INSERTSTRING kuwa ba ruwansa da jerawa, inda ka ce nan zai ajiye, ya bar maka jerin da rabinsa a jere rabinsa a hargitse. Waɗanda suka yi aiki da Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998 kuma har yau akwai shaguna da ƙananan ofisoshin da ke amfani da manhajojin da aka rubuta da shi, sun san NewIndex. An tanade shi ne don wannan matsalar, ka rubuta ItemData a gurbin NewIndex maimakon ListCount - 1. A wxWidgets, Append yana dawo da gurbin da ba lallai ya zama na ƙarshe ba idan an sa wxLB_SORT. A Qt, takardun QTableWidget sun yi gargaɗin a kashe jerawa kafin a cika tebur, saboda layi na iya tashi daga wurinsa da zarar ka cika gidan da ake jerawa da shi, sauran gidajen su faɗa layin wani. Mai amfani da QSortFilterProxyModel dole ya bi ta mapToSource, mai JTable na Java kuma ta convertRowIndexToModel. Duk abu ɗaya suke faɗa: gurbin allo daban, gurbin bayani daban.

Ka tambaya ko akwatin kansa na iya zama mai laifi. Yana iya zama, kuma akwai dalili. Akwatin jeri na asali a Windows ba shi da akwatunan alama. Masu rubuta kayan gina manhaja irin MFC da Delphi da wxWidgets su suka ƙirƙiro su, suna zana ɗan akwatin da kansu, suna kuma neman inda za su ajiye halin kowane layi. CCheckListBox na MFC, alal misali, yana amfani da gurbin bayani guda ɗaya da kowane layi ke da shi ya ajiye nasa ƙunshin, naka bayanin kuma ya sa shi a ciki. Duk mai irin wannan aiki yana fuskantar tarkon da ka faɗa, sai dai shi a ƙarƙashin ƙasa yake. Wuraren da na fi sa wa ido biyu ne. Ɗaya shi ne sauya jerawa bayan an riga an cika jerin, domin a wasu kayan aikin, kamar VCL na Delphi, hakan na sa a rushe tagar akwatin a sake gina ta, a kwashe layukan a mayar. Ɗayan shi ne tsohon kod na C++ da ke cusa adireshin ƙwaƙwalwa cikin DWORD maimakon DWORD_PTR. A manhaja mai bit 32 ba a ganin komai, ranar da aka mayar da ita mai bit 64 sai a yanke rabin adireshin. Amma ƙa'idata ita ce kada a zargi kayan aiki sai an rubuta ɗan gwaji na layi 20, babu rumbun bayanai, babu komai, ya nuna lahanin shi kaɗai. A naka lamarin ba sai an kai nan ba, layukan da ka turo sun riga sun amsa.

To ga gyaran. Items ba rubutu kaɗai yake karɓa ba, kowane irin abu yana karɓa. Ka daina ba shi suna, ka ba shi ɗalibin ɗungurungum, ka gaya masa abin da zai nuna ta hanyar ToString:

```
class Dalibi
{
    public int Lamba;
    public string Suna;
    public string Aji;
    public bool YaBiya;

    public override string ToString()
    {
        return Suna + ", " + Aji + ", " + Lamba;
    }
}

foreach (var d in dalibai)
    jeri.Items.Add(d, d.YaBiya);

foreach (Dalibi d in jeri.CheckedItems)
    RubutaBiya(d.Lamba);
```

Ka lura babu i ko ɗaya. Suna da lamba da alama sun zama abu guda, duk inda jerawa ta kai layin tare za su tafi. Wannan kaɗai ya kashe matsalar da ka kawo.

Na sa aji da lamba a cikin abin da ake nunawa da gangan. Wani zai ce maimakon gurbi a nemi ɗalibi da sunansa. Kada ka yarda. A Islamiyyar da ke Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi, ka san ba abin mamaki ba ne a samu A'isha Muhammad uku a aji ɗaya. IndexOf da FindStringExact duka na farkon da suka tarar suke dawowa da shi, sauran biyun ba za su taɓa biya ba a idon kwamfuta. FindString ya fi haɗari, domin farkon rubutu kawai yake dubawa. Gwada shi da ƙananan hukumomi 23 na jihar nan: nemi Kaduna, zai tsaya a kan ta Arewa ko da ta Kudu kake nufi, nemi Kaur, zai ba ka Kaura ya bar Kauru. Suna kuma yana sauyawa. Yau an rubuta Muhammed, gobe uba ya zo ya ce a gyara zuwa Muhammad. Lambar da rumbun bayanai ya ba yaro ranar rajista ita ce ba ta motsi, ita ce kaɗai za ka dogara da ita. Malamin da ke sa alama ma yana bukatar ganin aji da lamba, in ba haka ba kod ɗinka zai yi daidai amma hannunsa ya sa wa wata A'ishar.

Ni a nawa aikin ba na barin akwatin allo ya zama ma'ajiyar gaskiya ko na minti ɗaya. Nakan riƙe HashSet, wato tari a cikin ƙwaƙwalwar manhaja da ba ya maimaita abu, na lambobin waɗanda aka sa wa alama, akwatin kuma aikinsa nunawa kawai. Dalilin zai bayyana ranar da shugaban makarantar ya ce a ƙara wurin rubuta suna don tace jerin, kuma zai ce. Tacewa na nufin Items.Clear da sake cikawa, Clear kuwa yana tafiya da duk alamomin. Malam ya sa wa mutum biyar alama, ya rubuta Mar don neman Maryam, biyar ɗin nan sun tafi. Idan lambobin na cikin HashSet, kowane sake cikawa sai ka duba ko lambar ɗalibi na ciki, ka mayar masa da alamarsa.

A nan akwai wani rami da ya kamata ka sani. Za ka sabunta HashSet ɗin ne a cikin ItemCheck, wato sanarwar da akwatin ke bayarwa idan za a sa ko a cire alama, shi kuma ItemCheck yana tashi ne kafin alamar ta sauya, ba bayan ta sauya ba. Idan ka karanta CheckedItems a cikinsa tsohon hali za ka gani, kullum kana baya da dannawa ɗaya, wanda aka sa wa alama a ƙarshe ya ɓace daga lissafi. Abin dubawa shi ne e.NewValue, ɗalibin kuma ka ɗauko shi nan take daga jeri.Items[e.Index]. Ka kuma tuna ItemCheck yana tashi ko da kod ne ya sa alamar ba hannun mutum ba, saboda haka ka ajiye wata 'yar tuta da za ta ce ana cikin lodi, a yi biris da shi har a gama.

Game da Sorted kansa, shawarata ka kashe shi, ka jera da hannunka kafin ka cika akwatin: OrderBy da suna, sannan ThenBy da lamba. Takardun Microsoft ma sun ce kada a haɗa Sorted da DataSource, wato ɗaure akwatin kai tsaye da tushen bayani, a ListBox, a bar tushen bayanin ya yi jerawar. CheckedListBox kuwa an ɓoye masa DataSource ne daga tagar kaddarori, ko da yake za ka ga masu koyarwa a intanet suna amfani da shi. Ka bar shi a ɓoyensa.

Sai dai kada wannan shawara ta sa ka ce, tun da haka ne, bari in jera dalibai da kaina, in bar Sorted a kunne, tsarin biyu su zo ɗaya, in ci gaba da dalibai[i]. A nan ne sunayenmu za su kayar da kai, kuma wannan ɓangaren ba za ka cika samunsa a darussan da aka rubuta don masu sunayen Turawa ba.

Ba hanya ɗaya ake jera haruffa a kwamfuta ba. Akwai jerawa bisa lambar harafi a Unicode tsantsa, akwai kuma jerawa bisa ƙa'idar harshen da aka saita kwamfutar a kai. A abacadar Hausa ɗ na bin d, ƙ na bin k, ɓ na bin b. A lambobin Unicode kuwa Ɗ tana U+018A, Ƙ tana U+0198, Ɓ tana U+0181, dukkansu can bayan Z. Saboda haka Ɗahiru zai zauna kusa da Dauda a wata jerawar, ya koma ƙasan Zainab a wata. Idan kod ɗinka ya bi ta farko akwatin ya bi ta biyu, duk wanda ke tsakanin D da Z ya goce da gurbi ɗaya. Haka alamar ɗauri da ke cikin Sa'adatu da A'isha: tsohuwar jerawar kalmomi ta Windows tana ba ta nauyi kaɗan, jerawar lamba tsantsa kuwa harafi cikakke take ɗaukar ta. Alamar ma iri-iri ce, wadda aka buga kai tsaye daban, mai lanƙwasa da Word ke sauyawa idan an kwafo sunaye daga can daban. Ƙari a kan haka, daga .NET 5 da ya fito a 2020, an koma amfani da wani tsari mai suna ICU wajen kwatanta rubutu a sababbin Windows maimakon tsohon tsarin NLS, saboda haka kod ɗaya na iya ba da tsari biyu gwargwadon .NET ɗin da aka gina shi a kai. SQL Server ma da tasa ƙa'idar jerawar. Sannan List.Sort ba ya alkawarin barin masu suna iri ɗaya a tsarin da ya same su, OrderBy ne ke da wannan alkawarin. Lambobi cikin rubutu su ma haka: Aji 10 kan riga Aji 2, tun da harafi da harafi ake kwatantawa. Masu jerawa biyu ba za su taɓa ba ka tabbacin zuwa ɗaya ba. Idan ɗalibin ne a cikin akwatin, duk wannan ya zama batun kyan gani kawai, ba batun kuɗin mutane ba.

Ƙananan abubuwa biyu a gurguje. Idan kana ajiye zaɓin mai amfani a fayil, kada ka rubuta gurabe irin 0, 3, 7, domin ranar da aka ɗauki sabon yaro mai suna Abba kowa zai matsa. Lambobin shaida za ka rubuta. In kuma kana cire layuka da RemoveAt, ka faro daga ƙasa zuwa sama, don cire na sama yana jawo na ƙasa su hau gurbin da ka riga ka wuce.

Tun da ka buɗe kod ɗin, ka gyara yadda ake rubuta biyan. Gida ɗaya mai cewa ya biya ko bai biya ba bai isa ga harkar kuɗi ba. Kowane biya ya zama layi mai zaman kansa: lambar ɗalibi, wata, adadin kuɗi, lambar rasit, ranar da aka shigar, da wanda ya shigar. Ka haɗa duk layukan danna ɗaya cikin BeginTransaction da Commit, yadda idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa, ko duka su shiga ko kada ko ɗaya ya shiga. Ka yi amfani da SqlParameter ko makamancinsa maimakon liƙa suna cikin umarnin SQL, in ba haka ba Sa'adatu ta farko za ta karya maka umarnin saboda alamar ɗaurin da ke cikin sunanta. Bayan adanawa kuma ka nuna wa malam sunayen da aka rubuta, amma ka ɗauko su daga rumbun ta lambobin da ka shigar, ba daga akwatin allo ba. Da akwai wannan ɗan allon, tun ranar farko malam zai ga ya sa wa Aminu alama an ce masa Zainab.

Wajen gwaji, mafi yawanmu sunaye irin Ali, Bala, Dauda muke shigarwa, a jere, saboda haka hannu ya saba. Jerin da ya zo a jere ba zai taɓa nuna wannan lahanin ba. Ka shigar da su a birkice, ka sa masu suna ɗaya guda biyu, ka sa Ɗahiru da Ƙasimu da Sa'adatu, ka sa wa mutum ɗaya tak alama, ka ƙara sabon ɗalibi mai harafin A, ka tace, ka cire tacewar, sannan ka adana. Bayan nan buɗe rumbun da idonka ka duba lambar da ta shiga.

Saura babban aikin, wato bayanan da suka riga suka gurɓata. Gyaran kod ba zai taɓa su ba. Yau ɗin nan ka je wurin shugaban makarantar ka faɗa masa abin da ya faru dalla-dalla, ka roƙi a dakatar da tura takardun bashi, a koma littafin rasit na ɗan lokaci. Na san maganar tana da nauyi a baki, amma amanar mutane ce, kuma kowace rana da ka jinkirta ƙarin layukan ƙarya ne ke shiga. Sannan ka kwafi rumbun yadda yake, ka ajiye kwafin a wuri biyu, kada ka taɓa shi. Duk gyara a kan wani kwafin za ka yi. Kada kuma ka tura fayil ɗin a zaurukan WhatsApp na masu rubuta manhaja don neman taimako. Sunayen yaran mutane ne da bayanin kuɗin iyayensu, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Mai son taimaka maka sunayen ƙirƙira sun ishe shi.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne ɓarnar ba ta kara zube ba ce, tana da tsari, don haka ana iya juya ta. Fara da gano ranar da ka ɗora sigar mai Sorted a kwamfutar makarantar. Duk abin da aka shigar kafin ranar lafiyarsa ƙalau. Ga kowane biya na bayan ranar, ɗauki ɗalibin da aka rubuta wa, nemo gurbinsa a tsarin rajista, sannan ka duba wanda ke wannan gurbin a jerin haruffa. Shi ne ainihin mai kuɗin. An rubuta wa Zainab, gurbinta a rajista 0, mai gurbi na 0 a haruffa Aminu ne, to kuɗin Aminu ne. Sharaɗin shi ne ka sake gina jerin yadda yake a ranar da aka yi kowane biya, domin ɗaukar sabon ɗalibi ko cire wani yana sauya lissafin daga ranar. Ka kuma yi jerawar a kan kwamfutar makarantar, da tsohuwar sigar manhajar, saboda abin da na faɗa game da haruffa masu lanƙwasa. Idan umarnin da ke ɗauko ɗalibai ba shi da ORDER BY, ka tabbatar da tsarin da yake dawowa da shi kafin ka dogara da shi, domin SQL bai yi alkawarin wani tsari ba idan ba a nema ba.

Abin da lissafin ya ba ka kada ka zuba shi cikin rumbun kai tsaye. Ka buga shi a takarda, gida uku: wanda aka rubuta wa, wanda lissafi ya nuna, da wanda ke kan kwafin rasit. Ku zauna da malamin da ke karɓar kuɗi ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda lissafi da rasit suka yi daidai, a gyara. Inda suka saɓa, rasit ne gaba. Masu suna iri ɗaya kuwa lissafi ba zai raba su ba, sai an duba rasit ko an kira iyayen. Kowane gyara ka shigar da shi a matsayin sabon layi mai nuna an soke wancan an maye da wannan, tare da kwanan wata, kada ka goge tsohon. Iyayen da aka tura wa takardar bashi alhali sun biya, da su za a fara: makarantar ta rubuta musu cewa kuskuren daga manhaja ne, kuɗinsu ya shiga. Waɗanda kwamfuta ta ce sun biya alhali ba su biya ba, a sanar da shugaban makarantar jerinsu da adadin watannin, shi zai san yadda zai tunkare su.